Kukar da Baba Ya Hango a Sertão

Ban taɓa yin nisa da birnin Salvador ba sai da na wuce shekara talatin. Iyakar tafiyata Itapuã, in na je sayen kifi, kuma ko can ban taɓa kwana ba. A unguwar Barroquinha na tashi, a ɗakin ƙasa na wani tsohon bene, inda mahaifina yake dukanci. Shi daga ƙasar Hausa aka kamo shi yana saurayi. Ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa kafin ya fanshi kansa, sannan mahaifiyata, sannan ni. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

A shekarar da nake ba da labarinta mahaifiyata ta rasu, mijina ma ya rasu, na dawo gida ina suyar ƙosai a bakin titi ina kula da tsohon. Abokansa masu jin Hausa sun ƙare, wasu sun mutu, wasu sun shiga jirgi sun koma ta Ikko. Yakan wuni bai yi magana da harshensa ba sai na dawo.

Akwai wani Bayarabe 'yantacce mai alfadarai da yake kawo wa Baba fatu daga can cikin ƙasa, inda ake kira sertão, yana karɓar sirdi da mangala. Baba yakan ce masa Madugu, ni ma na bi. Wata rana yana cin ƙosaina a ƙofar ɗaki ya shiga ba da labarin wurin. Ya ce babu teku, babu wannan laimar da ke sa fata ta yi fumfuna, ƙasa ja ce, sai ƙaya da awaki, ruwan sama kuma lokaci guda yake zuwa a shekara ya ɗauke. Baba ya ajiye basilla.

“Uwata, kin ji? Ai garinmu yake faɗa.”

Bayan kwana biyu ya ce zai bi ayarin, wai yana so ya zaɓi fata da idonsa. Na ce, “Baba, kai da tudun nan na kasuwa sai ka huta a tsakiya kafin ka hau?” Washegari na tarar yana ɗinka salka, na san magana ta ƙare. Tun da ba zan iya hana shi ba, sai na ɗaure kayana.

Ba tsufansa kaɗai nake tsoro ba. A lokacin, bauta ba ta ƙare ba, kuma baƙar fata a hanyar da ba a san shi ba gudajjen bawa ne har sai ya nuna ba haka ba. Ga shi tun boren Musulmi da aka yi ina ƙarama, duk wanda aka samu da rubutun Larabci ya shiga uku. Na roƙe shi ya bar layunsa da allonsa a gida, ya bari yana gunaguni. Takardunmu na 'yanci na sa a 'yar jakar fata na rataya a wuya.

Mun ƙetare ruwa a jirgi mai filafili, muka hau kogi har garin Cachoeira, inda alfadaran suke jira. Daga nan sai ƙafa. Da fari gonakin rake ne da taba, ga inuwa, ga rafi ko'ina. Sannu a hankali itatuwa suka gajarce, ganye ya ƙare, har muka shiga ƙasar da komai launin toka ne, kamar an yi gobara an share. Kowane reshe da ƙayarsa. Akwai wani tsiro dogo marar ganye mai tsayuwa kamar mutum ya ɗaga hannuwa, wanda da yamma yakan sa gabana ya faɗi.

Zango kullum iri ɗaya ne. A sauke kaya a jera su kamar katanga, a shimfiɗa kirgi, a ɗora wake da busasshen nama, a ci da garin rogo. Ni nake girki, don haka mutanen madugu suka saba da ni. Baba yakan zaga bayan duwatsu ya yi taimama ya yi salla inda ba a ganinsa, ni kuwa in tsaya ina duban hanya har ya sallame. Ƙafafuna sun yi bororo sun fashe. Gumi ya ratsa jakar wuyana har tawadar takardata ta soma bajewa a gefe guda. Da madugu ya gani ya ce in ba shi, ya cusa jakar a cikin mangalar alfadarin gaba, inda ya ce ko ruwa ko gumi ba ya kaiwa.

Abin mamaki, Baba ƙarfi ya riƙa ƙarawa. Tarin da yake yi a gari ya tsaya. Yana tafe yana raɗa wa abubuwa suna: wannan magarya, wancan kamar aduwa, ga kurciya. Wani lokaci ya tsinki ganye ya murza ya sansana, ya yar. Ni kuwa lissafin ruwa nake yi. Mun wuce tafki biyu da madugu ya saba shayarwa, duka sun bushe sun tsattsage, a bakin ɗaya ga ƙasusuwan saniya. Na lura madugu ya rage wasa, yana yawan taɓa salkuna.

Ranar da abin ya faru mun yada zango da hantsi a cikin wata busasshiyar ƙorama, don a jira rana ta yi sanyi. Madugu ya ce da la'asar za a tashi, kuma dole a kai rijiyar gaba kafin duhu, don dabbobin ba su sha ba tun jiya. Na kwanta a inuwar kaya. Ban daɗe ba Baba ya taɓa ƙafata.

“Tashi ki gani.”

Can a gefen wani tudu, sama da duk sauran itatuwa, akwai wata bishiya mai ƙaton ciki, rassanta tsirara a sama kamar saiwoyi.

“Kuka ce,” in ji shi.

Ni ban taɓa ganin kuka ba. A bakinsa na san ta: wadda ke ƙofar gidansu, da miyar da mahaifiyarsa take kaɗawa da ganyenta, da 'ya'yanta masu gari da suke tsotsa. Na ce ya bari mu tambayi madugu. Madugu yana barci da hula a fuska, Baba kuwa ya riga ya ɗauki sandarsa.

“Ga ta nan kusa. Kafin su farka mun dawo.”

Na ɗauki gora ɗaya na bi shi. Ban tuna da jakar takardu ba sai da zangon ya ɓace a bayanmu.

A wannan ƙasar ido yana yaudara. Abin da ka ga kamar jifa, sai ka yi ta tafiya yana nan inda yake. Babu hanya, sai mu sunkuya mu kutsa, ƙaya ta kama zane, in tsaya in ɓanɓare. Mun gangara wani kwari, bishiyar ta ɓace, muka hau, ta bayyana ta wani gefen da ban zata ba. Sau da yawa na ce mu koma. Baba bai ko waiwaya ba, yana haki yana sauri kamar ana kiransa.

Da muka isa, ya tsaya nesa kaɗan. Jikin bishiyar duk ƙayoyi ne masu kauri, tun daga gindi har sama. A ƙasa akwai wasu kwasfa da suka fashe, farar auduga tana fita daga ciki irin ta rimi. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya zaga bishiyar yana neman inda zai dafa hannu, bai samu ba. Sai ya zauna a ƙasa.

“Ba ita ba ce.”

“To mu tafi, Baba. Rana ta karkata.”

Ya yunƙura, ƙafafunsa suka ƙi. Duk ƙarfin da ya kawo shi kamar an zare. Na ba shi ruwa, na murza masa gwiwoyi, na sa kafaɗata a hammatarsa muka miƙe. Da na juya don mu koma, ban san ta inda muka zo ba. Kowane gefe toka, kowane tudu irin ɗan'uwansa. Ƙasar tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu. Na zaɓi wani kwari da na ga kamar shi ne muka gangara, muna tafiya kaɗan muna hutawa. Can na ji ƙararrawar alfadarin gaba, siririya, daga nesa. Na yi kira da iyakar muryata, da Yarabanci, da Fotugis. Ƙarar ta yi ta raguwa har na daina sanin ko ita nake ji ko kunnena ne.

Magariba ta same mu a kan wani falalen dutse. Baba yana da ƙyastu a aljihu. Na tsaya da shi a hannu ban san abin da ya fi ba: in hura wuta wani ya gani, kuma ban san ko wane ne ba, ko in bar mu cikin duhu, ga shi mutanen madugu sun sha ba da labarin damisar wurin. Sanyi ne ya raba gardamar, don da rana ta faɗi Baba ya soma karkarwa. Na tara ƙirare na hura 'yar ƙarama a cikin tsagin dutse, na lulluɓe shi da mayafina. Ruwan da ya rage bai fi kurɓi kaɗan ba. Na jiƙa masa leɓe, na toshe gorar, na zauna a kanta don kada ya lalubo ta cikin barci. Ban runtsa ba.

Da gari ya waye Baba ya dube ni kamar daga nesa.

“Inna, a ba ni fura.”

Ba Uwata ya ce ba. Inna ya ce, da muryar yaro. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na ba shi sauran ruwan duka. Na gwada goya shi, muka yi 'yan taku muka zube tare. Na ja shi zuwa inuwar dutse, na ɗaure ɗankwalina a reshe mafi tsawo da hannuna ya kai, na ce masa kada ya motsa. Ya gyaɗa kai, amma ban san ko ya gane ba. Ina tafiya ina karya rassa don in gane hanyar dawowa, ina waiwayen ɗankwalin har ya ɓace.

Kashin awaki na gani, sabo, sai na bi shi. Ya kai ni wata 'yar siririyar hanya. Harshena ya yi nauyi a baki, ungulu biyu suna kewayawa can sama ta wajen da na baro, na hana kaina kallonsu. Rana ta yi tsaka lokacin da na ji takun doki.

Da na so in ɓuya. Har na sunkuya bayan wani kurmin ƙaya, sai na tuna Baba, na fito na tsaya a tsakiyar hanya. Makiyayi ne, sanye da fata tun daga hula har ƙafa saboda ƙaya, fuskarsa a ƙone, ga doguwar wuƙa a ƙugu. Ya ja linzami ya dube ni tun daga kan da ba ɗankwali har ƙafafun da ke jini.

“Ke ta wane ne?” ya tambaya da Fotugis.

“Ba ni da ubangida. 'Yantacciya ce ni, daga Salvador. Mahaifina yana can zai mutu.”

“Ina takardarki?”

“Tana cikin kayan ayari.”

“Kowa haka yake cewa.”

Duk da haka ya kwance gorarsa ya miƙo mini. Na kurɓa sau biyu na riƙe sauran. Ya bi ni muna bin karyayyun rassa. Mun tarar da Baba inda na bar shi, idonsa a rufe, ƙudaje a bakinsa, amma yana numfashi. Makiyayin ya ɗiga masa ruwa kaɗan kaɗan, ya ɗaga shi kamar buhun auduga ya ɗora a doki. Na ce ya kai mu rijiyar da ayari ya nufa. Ya girgiza kai, ya juya dokin wani gefen daban. Ban da zaɓi, na bi.

Wani gidan gona ya kai mu, mai garken shanu da 'yar rijiya. Mai wurin a birni yake zaune, wakilinsa ne ke kula. Wakilin ya saurari makiyayin, bai ko tambaye ni ba. Ya ce a sa mu a ɗakin da ake ajiye garin rogo, zai aika gari a bincika ko akwai mai cigiyar tsoho da mace. In ba a samu ba, hukuma ta san yadda za ta yi da mu. Na san abin da wannan ke nufi. Na san wata mai wanki a unguwarmu da aka kama ɗanta a hanya haka, 'yantacce, kuma ba a sake jin labarinsa ba. Aka rufe ƙofa, na ji an sa sakata ta waje.

Matar wakilin ta aiko da nonon akuya da ruwa. Na riƙa ba Baba da cokali. Kafin yamma hankalinsa ya dawo, ya dubi buhunan gari, ya dubi ƙofa, ya gane inda muke ba tare da na faɗa ba.

“Uwata, an taɓa rufe ni a ɗaki irin wannan, a bakin teku, can gida. Ban zaci zan jawo miki shi ba.”

Na ce ya sha nono. Ya kawar da kai.

“Kukar ƙofar gidanmu jikinta sumul yake, muna hawa. Ina ganin haka ne. Na daɗe ina tuna ta, har yanzu ban san ko daidai nake tunawa ba.”

Hankalina yana kan tsagin ƙofa, inda nake hango ɗan yankin hanya. Tunani iri iri nake yi. In madugu ya ɗauka mun mutu fa? In ya wuce da ayarinsa, wa zai zarge shi, shi da ke da dabbobi da kayan mutane a wuyansa? In ya zo bayan an tafi da mu? Duk takun da na ji sai in miƙe. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Na ji wakilin yana gaya wa wani cewa ɗan aiken zai tashi da safe.

Kafin ɗan aiken ya ɗaura sirdi madugu ya iso, shi kaɗai a kan alfadari, ƙura har gira. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya jira mu har rana ta kusa faɗuwa, ya kora dabbobin zuwa rijiya don kada su mutu, ya bar su da mutanensa, ya dawo ƙoramar. Da ya hango bishiyar ya yi zaton ita muka nufa, ya hau har gindinta, ya bi kewaye har ya ga tokar wutarmu da ɗankwalina, ya ga sawun doki, sannan ya shiga bin gidajen gona ɗaya bayan ɗaya.

Ta tsagin ƙofa na ga ya ciro jakar ya miƙa. Wakilin ya buɗe takardun ya daɗe yana dubawa, ina jin ba karatu yake yi ba, hatimin yake kallo. Da ya zo kan tawa ya sa yatsa a wurin da tawada ta baje, ya ce wani abu. Madugu ya amsa masa a natse, ya tuna masa shekarun da ya yi yana kawo wa gidan gishiri, ya ce ya san tsohon nan tun kafin a haifi 'ya'yan wakilin. Wakilin ya ninke takardun, ya yi wa makiyayin alama da haɓa. Aka zare sakata.

Madugu bai gaida Baba ba. Ya rataya mini jakar a wuya da hannunsa, ya ɗora tsohon a kan alfadarin, shi ya kama igiya ya yi gaba a ƙasa. Muka kama hanyar rijiyar da ayari yake jira. Makiyayin ya raka mu ɗan nesa, ya ba ni wani dunƙulen sukarin rake, ya juya.

Ba mu ci gaba da tafiyar ba. Madugu ya bar mu a ƙauyen da ke bakin rijiyar, a rumfar wata tsohuwa mai saƙa, har ayarin ya je ya dawo. A makonnin nan ko bayan gida Baba zai zaga sai na tsaya inda nake hango kansa. Ya yi ta mita, ban fasa ba. Da dare nakan farka in taɓa jakar, in taɓa tulu, in saurari numfashinsa, sannan in koma. Ya sayi fatun awaki kaɗan a wurin mutanen ƙauyen, ya ce jimarsu ba ta da kyau amma fatar tana da ƙarfi.

A kan alfadari ya sauko har Cachoeira. Ƙafarsa ta hagu ba ta sake komawa daidai ba, bai kuma ƙara sauka kasuwar ƙasa ba. Ni ma na yi wata da watanni ina suya a zaune, faratan ƙafata biyu sun fita.

Duk daminar da ta biyo baya Baba ya yi ta a kan linzami guda, na jar fata, da saƙa mai kyau irin wadda ya daina yi tun hannunsa ya soma rawa. Yakan warware ya sake. Da madugu ya dawo gari ya ƙi shigowa, ya aiko da fatu ta hannun wani. Sai da Baba ya sa na je har masaukinsa na kira shi. Ya zo ya tsaya a ƙofa, Baba ya miƙa masa linzamin. Ya juya shi, ya ja da ƙarfi ya gwada ɗinkin.

“Ko goma ka yi mini, baba, ba ka ƙara bin ayarina.”

“Na ji,” in ji Baba. “Zauna mana.”

Ya zauna a kan buhun fatu, na zubo musu ƙosai mai zafi, suka shiga gardama a kan ko fatar akuya ko ta tunkiya ta fi jure rana.